Yadda Ake Gwada Ruwan Famfo, Daga Matatar Ruwa Har Randar Tsakar Gida

Duk wanda ya zauna a unguwar da ruwan famfo ke zuwa jefi-jefi ya san alamar dawowarsa. Da asuba bututu zai fara huci, famfo ya yi ta tari, can sai ga ruwan farko ja wur kamar shayin da bai ji madara ba. Mata su bar shi ya zuba a kwata, in ya washe a jera bokitai da jarkoki. Da ya yi garau, shi ke nan an yarda da shi. To amma ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ruwa na iya yin kyau kamar hawaye, alhali kashin mutum ya shige shi tun a ƙarƙashin ƙasa. A 2021 kaɗai an ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton amai da gudawa ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa.

Na rubuta wannan ne domin ma'aikacin duba-gari, da ɗan kwamitin ruwa na unguwa, da shugaban makarantar kwana, da duk wanda amanar ruwan jama'a ta rataya a wuyansa. Ma'aunin da za mu bi shi ne ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya mai lamba NIS 554, wadda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, tare da shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, ruwan da ya bar matata da wanda ya shiga bakin yaro ba lallai su zama ruwa ɗaya ba. Gwajin da ya tsaya a ƙofar matata rabin aiki ne.

Mataki na farko: san hanyar da ruwan ya biyo

Kafin ka taɓa kwalba, ɗauki takarda ka zana tafiyar ruwan. Mu ɗauki Kano. Ana tace ruwan birni a Challawa, inda aikin ya faro tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Tamburawa, da Watari. Kogin Kano da Tamburawa ke ɗiba yana samun ruwa daga madatsar Tiga. A matata ana zuba alif domin laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi ya tace, a daidaita tsaminsa, sannan a sa masa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan injuna su tura shi manyan tankuna, ya shiga manyan bututai, ya rarrabu zuwa ƙananan da ke ratsa lunguna.

A kan zanen nan za ka zaɓi wuraren ɗiban samfuri. Kada ka zaɓi inda ya fi sauƙin zuwa, zaɓi inda ka fi zargi. Ka ɗauka a mafitar matata, a mafitar babban tanki, a famfon da ya fi kowanne nisa a ƙarshen layi, a unguwar da ke kwari inda ruwan sama ke taruwa, da kuma wurin da 'yan ga-ruwa ke cika jarkokinsu. Ka haɗa da asibiti da makaranta da kasuwa. Daga ƙarshe ka shiga gida biyu ko uku ka nemi izinin ɗiba daga randa, da modar da mutanen gidan ke sha da ita. Ka ba kowane wuri lamba, ka riƙa komawa gare shi, domin sai da maimaici ake gane canji.

Mataki na biyu: duba da ido

Wannan matakin ba ya cin ko kwabo, kuma sau da yawa shi ke gano tushen ɓarna tun kafin sakamako ya fito. Bi bututun da ƙafa. Ina ya fito fili? Ina aka ɗaure shi da roba da tsumma? Ina ya ratsa ta cikin kwata? Akwai salga ko juji kusa da rijiyar burtsatsen da ke taimaka wa layin? An saba cewa a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma salgar ta kasance ta gangare. Hau kan tanki ka ga ko murfinsa na rufe, ko tsuntsaye da ƙadangaru na samun shiga.

Ga dalilin da ya sa na damu da kwata. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya fashe waje yake tsiyaya. Amma da an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan ɓular. In cikin kwata yake kwance, ruwan kwata zai sha. Masu ɗaura inji kai tsaye a kan layi suna jan ruwa da ƙarfin tsiya, su ma ƙara wannan zuƙar suke yi, ba su sani ba. Na taɓa tsugunawa a wani lungu ina kallon siraran bututai shida a jere cikin baƙin ruwan wanke-wanke, ɗaya yana fitar da 'yan kumfa ta inda aka naɗe shi da robar taya. Gidan da bututun ya shiga, yara uku ne ke wasa a ƙofarsa. Irin wannan wurin ko ba ka gwada ba ka rubuta shi da jan biro.

Mataki na uku: gwaji uku na nan take

Akwai abubuwa uku da ba a kai su ɗakin gwaji, domin suna canjawa a hanya. A bakin famfo ake auna su.

Na farko, kuma mafi muhimmanci a aikin yau da kullum, shi ne ragowar kulorin. Ana sa kulorin a matata da ɗan rara domin ya raka ruwan har gida, ya yaƙi duk abin da ya kutso a hanya. Yana ƙarewa idan tafiya ta yi nisa, ko rana ta yi zafi, ko ya ci karo da ƙazanta. Saboda haka in ka same shi a ƙarshen layi, alama ce mai kyau. In ka rasa, ruwan ba shi da mai gadi.

Kayan aikin ɗan akwatin roba ne mai ido biyu da jerin launuka a gefe, da ƙwayar da ake kira DPD mai lamba 1. Buɗe famfo ya zuba na minti biyu. Ɗauraye akwatin sau uku da ruwan da za ka gwada, ka cika shi zuwa layi. Ɓallo ƙwayar daga takardarta ta faɗa ciki ba tare da yatsanka ya taɓa ta ba, ka rufe ka girgiza har ta narke. In akwai kulorin ruwan zai koma ruwan hoda. Ɗaga shi sama ka fuskanci haske, ba ƙwayar rana ba, ka gwama da launukan gefe cikin minti ɗaya, domin in ya daɗe launin na ƙara duhu ya ruɗe ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a matata a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan kulorin ya yi minti 30 cikin ruwan, a famfon mai sha kuwa kada ya gaza 0.2. Lokacin annobar kwalara ana ɗaga shi ya zama 0.5 a ko'ina cikin layi. Wani abu da kan yaudari sabon hannu: in kulorin ya yi yawa ƙwarai, launin kan bayyana ya ɓace nan take, mutum ya rubuta sifiri. In hancinka na jin warinsa amma ruwan bai canja ba, sirka samfurin da ruwa marar kulorin ka sake.

Mutane kan yi ƙorafin wai ruwa na warin magani. A yi musu bayani da haƙuri, ɗan warin nan shi ne shaidar mai gadin bai gudu ba.

Na biyu duhun ruwa, wato lakar da ke yawo a cikinsa. Ana auna shi da dogon bututun roba mai haske, wanda aka zana alama baƙa a gindinsa. Ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan kana leƙawa ta sama har alamar ta ɓace, ka karanta lambar da ruwan ya kai. Ƙa'idar Najeriya ita ce kada ya wuce 5 a ma'aunin NTU, matata mai aiki da kyau kuwa tana neman ƙasa da 1. Laka ba muni kawai take jawowa ba, ƙwayoyin cuta na laɓewa a jikinta kulorin ya kasa cim musu. Shi ya sa farkon damina, lokacin da kogi ya kwaso jar ƙasa, ya fi kowane lokaci wahalar da ma'aikatan matata, sai sun riƙa gwada yawan alif a kwalabe suna gyara awon.

Na uku pH, ma'aunin tsami da kanwa. Ƙwayar gwajinsa ja ce, a ɗaya idon akwatin ake sa ta. Ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. In ya haura 8 ƙarfin kulorin na raguwa, in ya sauka ƙasa sosai ruwan na cin ƙarfen bututu.

Mataki na huɗu: ɗiban samfurin ƙwayoyin cuta

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren hannu ɗaya na iya sa a ɗora wa ruwa laifin da ba nasa ba, ko a wanke ruwan da ke kashe mutane. Ba a neman ƙwayar kwalara ko ta taifot kai tsaye a gwajin yau da kullum. Ana neman E. coli ne, wadda ke zaune a hanjin mutum da dabba. Ganinta a ruwa na nufin kashi ya shiga kwanan nan, kuma ƙofar da ta shigo kowace cuta na iya bi. Ƙa'ida ba ta da sassauci: babu ko ɗaya a cikin mililita 100.

Karɓo kwalaben daga ɗakin gwajin da za ka kai wa aikin, waɗanda aka riga aka kashe musu ƙwayoyi aka rufe. Robar lemo da aka wanke da omo ba ta yi. In ruwan mai kulorin ne, kwalbar ta kasance da ɗan sinadarin sodiyam tayosalfet a ciki, wanda ke kashe ƙarfin kulorin nan take. In babu shi, kulorin zai ci gaba da aiki a cikin kwalba kana kan hanya, sakamako ya fito fes alhali ƙarya ne. Saboda wannan sinadarin ne ba a ɗauraye kwalbar.

Wanke hannunka da sabulu. Cire tiyo ko tsumman da aka ɗaura a bakin famfo, ka goge bakin. Bar ruwa ya zuba minti biyu ko uku, ka rufe. In famfon ƙarfe ne, ƙona bakinsa da audugar da aka tsoma a sifirit na kamar minti ɗaya. In na roba ne, goge shi ciki da waje da ruwan kulorin. Sake buɗewa ya zuba a hankali na minti ɗaya ko biyu. Yanzu buɗe kwalbar, murfin na hannunka yana kallon ƙasa, kada ka ajiye shi, kada ka taɓa cikinsa, kada bakin kwalba ya goga famfo. Cika ta amma ka bar ɗan sarari a wuya domin a iya girgizawa. Rufe, ka rubuta lambar wuri, da rana, da lokaci, da ragowar kulorin da ka samu, da sunanka.

In abin da kake son sani shi ne ainihin abin da mutane ke sha, ɗauki kwalba ta biyu ba tare da ka ƙona famfon ko ka cire tiyon ba. A unguwar da ruwa ke yankewa kuma, ɗauki ɗaya daga ruwan farko da ya dawo, ɗaya bayan awa guda. Bambancin da ke tsakaninsu zai gaya maka abin da bututu ya sha lokacin da yake fanko.

Sa kwalaben a kula mai ƙanƙara, cikin duhu, su yi sanyi amma kada su daskare. A fara gwajin cikin awa 6, in ta ƙure kada ya wuce 24. A zafin Afrilu, samfurin da ya yini a bayan babur ba ƙanƙara ba shi da sauran amfani, gara a zubar a sake. Ka kuma riƙa tafiya da kwalba ɗaya ta ruwan da aka tabbatar ba ƙwaya a cikinsa, ka buɗe ta a filin aiki ka rufe kamar sauran. In ita ma ta nuna ƙwaya, hannunka ne ko kayan aikinka.

Mataki na biyar: abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

Hanyar da aka fi bi ita ce a tace mililita 100 ta wata 'yar farar takarda mai ƙananan ƙofofin da ƙwaya ba ta iya wucewa. A ɗora takardar a kan abincin ƙwayoyin cikin ɗan faranti, a sa a na'urar ɗumi a digiri 44 na awa 18 zuwa 24. Kowace ƙwaya mai rai za ta hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke gani, a ƙirga. Akwai akwatunan tafi-da-gidanka irin su DelAgua da ke yin wannan aiki da batir a ƙauyen da ba lantarki. Inda duk babu wannan, akwai 'yar kwalbar da ake zuba wa ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ta yi baƙi a san akwai abin zargi. Gargaɗi kawai take yi, ba ta maye gurbin ƙirga.

Karanta sakamakon tare da zanen da ka yi. In mafitar matata fes ce amma ƙarshen layi da ƙwaya, ciwon na bututu ne. In famfo fes ne randa ce ta ɓaci, to maganar jarka da moda da hannu ce, kuma gyaran na tsakar gida ne. In tun daga matata aka samu, wannan ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya. Ɗigo biyu ko uku na neman bincike da sake gwaji. Ɗigo fiye da ɗari na neman a hana shan ruwan haka nan tun a ranar.

Mataki na shida: gubar da ba ta nuna kanta da wuri

Ƙwayar cuta kan kwantar da mutum cikin kwana biyu, kowa ya farga. Sinadarai kuwa shekaru suke yi suna ci a ɓoye. A Tibiri, kusa da Maraɗi, rijiyar burtsatse mai zurfi da aka fara sha a shekarun 1980 tana ɗauke da sinadarin fuloraid da ya ninka ƙa'ida. Ruwan garau yake. Sai da yara masu yawa suka taso da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe kafin a gane daga ina abin yake. Iyakar fuloraid miligiram 1.5 ce a lita, kuma gwajinsa ba shi da wuya. Rashin yin sa ne ya jawo wannan baƙin ciki. Duk sabuwar rijiyar da za a haɗa da layin jama'a, a yi mata cikakken gwajin sinadarai kafin kowa ya kurɓa.

Dalma iyakarta miligiram 0.01 ce a lita. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta fi zuwa ta ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, amma ta koya mana cewa duk garin da ake haƙar ma'adinai a duba rijiyoyinsa da kududdufansa. Dalma na iya fitowa daga tsofaffin kayan haɗa bututu ma, don haka samfurinta daban ne: ana ɗibar ruwan farko da safe, wanda ya kwana a bututu aƙalla awa 6, ba tare da an bar shi ya zuba ba. Inda masana'antun jima ke kusa da kogi, kamar yankin Challawa da Sharaɗa, a sa kuromiyam a jerin abin nema, iyakarsa 0.05. Naitiret kuma, mai iyakar 50, daga salga da takin zamani yake tsiyayowa, kuma jarirai da ake dama wa madara da ruwan ne ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska. Ƙarfe in ya wuce 0.3 yana sa ruwa ja ya ɓata fararen kaya, ya fi zama abin ƙorafi fiye da abin tsoro.

Waɗannan sai babban ɗakin gwaji, na hukumar ruwa ko na jami'a, kuma su za su ba ka kwalbar da ta dace. Sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina ya wadatar a yawancin wurare. Ka sani kuma tafasa ruwa ba ya cire ko ɗaya daga cikinsu.

Mataki na bakwai: yawan gwaji, da abin yi in an samu matsala

Kulorin da duhu da pH kullum ake duba su a matata, sau da yawa a yini. A cikin gari a zaga wuraren da aka sa wa lamba akai-akai. Na ƙwayoyin cuta kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce garin da bai kai mutum 5,000 ba ya yi aƙalla samfuri 12 a shekara, wanda ke tsakanin 5,000 da 100,000 ya yi 12 ga kowane mutum 5,000. A ƙara bayan ambaliya, bayan gyaran bututu, da duk lokacin da asibitin unguwa ya ga masu gudawa sun yawaita. Komai a rubuta a littafi ɗaya mai kwanan wata, domin kulorin da ke raguwa a hankali mako bayan mako a wuri guda ba ya ganuwa sai a shafin littafi.

In sakamako ya fito da E. coli, ruwa ba ya tsami banza. A ranar ka sanar da hukumar ruwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce, da lambar wurin da adadin da aka samu, ka riƙe kwafi. Ka sake ɗiba a wurin, da wani famfo a gabansa da wani a bayansa, domin a ƙuntata inda ɓular take. Ka je wa mai unguwa da liman, a faɗa a masallaci da gidajen suna: a tafasa ruwan sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs bisa awon da ke jikin takardarta a jira minti 30. In ruwan da laka, a bari ya kwanta a tace da tsaftataccen ƙyalle tukuna. A zuba a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, a daina tsoma moda da hannu. 'Yan ga-ruwa ma a tara su, a wanke cikin jarkokinsu da ruwan kulorin, domin kura ɗaya na shiga gida goma a yini.

Idan aka gano ɓular, a fitar da bututun daga kwata gaba ɗaya, ba a sake naɗe shi da roba a mayar ba. A wanke layin da kulorin mai ƙarfi, a bar ruwa ya zuba har warin ya sauka zuwa awonsa na kullum. Kada a ce wa mutane su daina tafasawa sai an ɗebi samfuri biyu a jere, kwana ɗaya tsakaninsu, duka sun fito ba ɗigo ko ɗaya, kuma ƙwayar DPD ta nuna ruwan hoda a famfon ƙarshen layi.